Rabo da Bindigar Kaka Khalilu

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayin nan na bayan masallacin Anbariyya a Madina da la'asar ya san Rabo, ya kuma san yawan zakunan da Rabo ya kashe. Ran Asabar bakwai ne. Kafin Laraba sun kai sha ɗaya. Giwa ce dai guda ɗaya tak, domin Rabo mutum ne mai tsoron Allah, ba ya son ƙari a magana.

Sana'ar da ke rubuce a iƙamarsa, wato takardarsa ta zama a ƙasar, kuwa wankin tukwane ce a wani gidan abinci, kuma tsakani da Allah babu na biyunsa. Tukunyar shinkafar kabsa ta ƙone ta yi baƙi ƙirin, in ta shiga hannun Rabo sai ta fito kana hango haƙoranka a gindinta. Amma ba za ka taɓa jin ya yi kurin wannan ba. Abin da ya iya ba ya faɗa, abin da bai taɓa yi ba shi yake karantarwa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Rabo yana son Fatna, wata bazawara mai dafa abincin biki a unguwar Jurf, wadda yake kai wa manyan tukwane. Ita 'yar ƙasa ce, kakansu ne ya zo daga Kano a ƙafa. Shi kuwa Rabo baƙo ne daga Tasawa. Aure irin wannan sai da takardar neman izini, takardar kuma sai waliyyi ya sa mata hannu. Waliyyin Fatna shi ne yayanta Abdussamad, wanda kowa ke kira Abu Saif, dattijo mai sanyin hali wanda yanar ido ta fara rage wa gani. Wata huɗu takardar tana ɗakinsa, shiru kake ji.

Ran wata Litinin ta hunturun 1998, Rabo ya ci ado ya tafi gaisuwa. Ya tarar da Abu Saif a falo tare da amininsa Sa'id, haifaffen Madina, wanda Hausarsa rabi Larabci ce, bakinsa kuma ya fi reza. Sun sauko da wata bindiga daga bango suna shafa ta kamar jaririya.

Tsohuwa suke ce mata. Doguwa ce, ƙarfenta ya yi duhu, tana da wani hannu a ƙarƙashi kamar mariƙin buta, wanda ake ja ƙasa a mayar sama kafin harsashi ya hau. Ba ta da madubin hange irin na zamani. Saitinta ƙarfe biyu ne: ɗan tsagi a baya, da wani ɗan tsini kamar ƙwayar shinkafa a can bakinta. Sai ka jera biyun da abin da kake nufi, sannan ka ja kunama.

"Ta kakanmu Khalilu ce," in ji Abu Saif. "A hanya ya same ta, da ita ya tsare iyalinsa shekara bakwai har suka ga koren ƙubbar masallacin Annabi. Masu tara tsofaffin bindigogi sun yi ta sintiri a gidan nan, na ce su sha gahawa su kama gabansu. Taɓa nan ka ji." Ya ɗora yatsun Rabo a kan ƙotar, inda katakon ya yi baƙi sumul. "Nan ne mariƙarsa."

Rabo bai ji ko kalma ɗaya ba, yana can yana shirya tasa maganar.

"Allahu akbar!" Ya dafe ƙirji. "Sak irin wadda na kashe giwa da ita!"

Sa'id ya ajiye kofinsa. "Ya shekh! Giwa? A Tasawa?"

"Batan kai ta yi."

"Miskina. Daga nesa ka harbe ta?"

"Daga nan zuwa dutsen Uhudu. A ido. Na hagu, don na dama tana kallon ɗanta da shi."

"Masha Allah, ga tausayi kuma." Sa'id ya juya ga amininsa. "Abu Saif, shekara uku kana kuka ba ka da idon da za ka kara da ni. Ga ido Allah ya aiko maka har falo. Ran Alhamis mu fita bayan gari, can gaba da Bi'ir Ali, in mun wuce iyakar haramin Madina. Ni da tawa mai madubi, shi da Tsohuwa. Gwangwanin madara, taku ɗari."

Nan ne fa ya kamata mutum mai hankali ya yi tari ya ce idonsa na ciwo. Rabo ya yi dariya har da buga cinya.

"Taku ɗari? Haba Malam Sa'id, kada a raina ni mana. Ɗari biyu."

Abu Saif ya yi murmushi. "Tayyib. In ka kayar da gwangwanin, sai mu yi maganar takardar nan. Ka zo jibi ka shafa mata mai, ni ina da ganin likitan ido. Mai kawai, ka ji? Ga kwalbar, ga tsumman."

Kafin magariba Rabo ya gayyaci bencin mai shayi kaf, su zo su kashe ƙwarƙwatar idonsu.

Ran Laraba bayan azahar ya iso da jaka a kafaɗa. Aka ba shi Tsohuwa, Abu Saif ya tafi asibiti. Rabo ya shimfiɗa tabarma a ɗan filin bayan falo, ya sakaya ƙofa, ya ƙare wa bindigar kallo cikin hasken rana, ya girgiza kai.

"Kai, masu hali ba su san tsafta ba! Shekara ɗari ba wanka?"

Ya zazzage jakar: soson ƙarfe, toka, lemon tsami, garin sabulu, samfefa da magagari. Ya naɗe hannun riga. Shi dai harbi bai san ta inda ake farawa ba, amma in ana maganar cire baƙi daga ƙarfe, to an zo gidansu. Dabararsa ita ce ya burge Abu Saif tun kafin a kai ga gwangwani, ta yadda ko ya kuskure sai a ce iska ce.

Ƙarar goge-goge ta cika gida. Can sai ga muryar Fatna daga bayan ƙofa.

"Malam Rabo, lafiya?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Aikin maharba ne, mata ba sa gani."

"Ban gani ba, amma ina ji. Wannan ƙarar ai na san ta, ta kankarar ƙanzo ce. Yaya fa mai kawai ya ce."

"Yaya ya san tarihi, ni na san bindiga. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

"Kai dai ka san tukunya," ta ce, muryarta ta yi laushi. "Kuma ba abin kunya ba ne, Rabo. In ba ka iya harbin nan ba ka gaya masa. Ba dodo ba ne."

"Ni? Ni da zakuna sha huɗu ke jin sunana su yi fitsari?"

"Jiya ƙawata Raliya ta ce mini sha ɗaya."

"Ba ta ƙirga matan ba."

Ya ji ta ja numfashi, ya ji takunta ya yi nisa. Ya ci gaba. Ƙarfe ya yi fari tas. Ya koma kan ƙota, inda baƙin nan ya kama katako, ya sa samfefa ya yi ta ci har sai da farin itace ya fito. Daga nan idonsa ya sauka a kan ɗan tsinin bakin bindigar. Ya kanne ido ya leƙa.

"To, ga abin da ya kashe wa dattijo ido. Yaya mutum zai ga abin harbi wannan ƙurjin ya tsaya masa a gaba? Maƙerin da ya yi ta bai gama aikinsa ba."

Magagari ya yi aikinsa. Cikin minti biyar bakin Tsohuwa ya yi sumul kamar muciya. Rabo ya naɗe ta a mayafinta, ya ɗaure tamau, ya tafi gida yana jin kansa ango.

Alhamis da hantsi aka haɗu a ƙofar gidan. Ga ƙatuwar motar Sa'id, wadda yake ce wa Jams yake kuma so fiye da 'ya'yansa. Ga a-kori-kura cike da mutanen benci da tukwane da rago guda. Rabo ya sha ɗamara, ya rataya wuƙar yankan albasa a ƙugu, ya buɗe ƙofar Jams da ƙasaita. Sai ya ji murya daga kujerar baya, kusa da Fatna.

"A'a! Wa nake gani kamar Rabo na gidan Ɗan Dogo?"

Ya waiga. Inna Azumi ce, tsohuwar da ke taya Fatna girki, mutuniyar Tasawa, wadda gidansu ke kallon nasu. Wata huɗu yana zille mata kamar mai ƙyanda.

"Ina kwana, Inna," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Lafiya lau, ɗan nan. Wannan wuƙa fa? Aski za ka yi musu?"

"Yalla, yalla, rana na yi!" Rabo ya daka wa Sa'id tsawa, kamar motar ubansa ce.

Aka wuce Bi'ir Ali da jerin motocin masu umara, aka wuce alamar iyakar harami, aka saki kwalta aka shiga fili. Aka yi zango a gindin wasu bishiyoyin ƙaya. Mata suka kafa murhu can baya. Sa'id ya kai Jams gefe guda, nesa da layin harbi, ya juyo da fuskarta wajen jama'a. Aka auna taku ɗari biyu, aka ɗora gwangwani a kan dutse. Daga inda suke tsaye kamar ƙwayar gero.

Sa'id ya fara. Ya kwanta, ya leƙa madubi, ya harba. Ƙura ta tashi kusa da dutsen. Ya tashi yana kakkaɓe riga. "Na kuskure. Bismilla, ya sarkin giwaye."

Rabo ya kwance mayafi da yanga. Rana ta daki Tsohuwa, ta mayar da haske cikin idon jama'a har wani ya kare fuska.

Abu Saif ya matso.

"Wannan ta waye?" in ji shi, yana ƙifta ido.

"Taka ce, Abu Saif! Ka ga yadda ta koma budurwa? Awa uku na yi. Wajen mariƙin nan ne ya fi ba ni wuya, wani datti ne ya kama katakon kamar an yi masa asiri."

Dattijon ya karɓe ta. Bai kalle ta ba, yatsunsa ya sa. Suka bi ƙotar, suka koma, suka sake bi, suna neman wurin da suka saba sauka tun yana yaro. Babu. Sai kaushin sabon katako.

"Dattin nan," ya ce a hankali, "tafin hannun kakana ne. Guminsa ne na shekara bakwai."

Ko mai shayi, da ba ya rasa abin cewa, sai ya sunkuyar da kai. Rabo kuwa, gwano ba ya jin warin jikinsa.

"Ai shi ya sa ya yi taurin kai."

Sa'id ya karɓi bindigar ya duba bakinta. "La haula! Ina saitin gaba?"

"Ƙurjin? Na yi mata kaciya."

"To da me za ka auna?"

"Da zuciya. Mu a daji da zuciya muke harbi."

Sa'id ya dubi amininsa. Abu Saif ya zauna a kan darduma, ya ɗaga hannu kawai. "Ba shi. Mu ga zuciyar."

Rabo ya kafa gindin bindigar a ƙasa, baki sama, ya miƙa hannu. "A ba ni albarushi da tsumma da sandar ɗure."

"Sandar me?"

"Ta ɗure mana! Ko da yatsa kuke turawa a garin nan?"

Dariya ta fara ɓarkewa a bayan a-kori-kura. Sa'id, da ladabin mugunta, ya karɓa ya zura harsashi biyar ta wata 'yar ƙofa a gefe, ya nuna masa hannun. "Ka ja ƙasa, ka mayar sama. Halas."

"Na sani, gwada ka nake yi."

Ya ja, ya mayar. Ƙaras-ƙaras! Ƙarar ta yi masa daɗi a kunne, ga shi mata sun miƙe suna hange. Ya ƙara ja, don a san da maza a wurin. Harsashi ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka haka ake yi. Ya ƙara. Wani ya fito. Ya ƙara, na uku ya faɗa cikin butar gahawa, tsulum. Na huɗu ya daki goshin mai shayi.

"Ya shekh, tsaya! Tsaya!" Sa'id yana riƙe da ciki. "Saura ɗaya! Shuka kake yi?"

"Ina zubar da marasa kyau ne. Maharbi na ainihi ɗaya yake buƙata."

Ya mayar da hannun da ƙarfi, ya datse fatar yatsansa. Ya yi ƙara, ya ce kirari ne. Sannan ya ɗaga Tsohuwa. Kai, ashe tana da nauyi! Bakinta ya fara yawo, yanzu sama, yanzu gabas. Mutanen benci suka watse, kowa ya kwanta a bayan abin da ya samu, har mai shayi ya kifa tukunya a ka. Rabo ya nemi gwangwani bai gani ba. Ya riƙe ƙotar nesa da kafaɗa don kada ta ɓata masa riga. Ya tuna ƙarar bindigogin sallah da ke sa shi shiga ƙarƙashin gadon uwarsa. Ya runtse ido biyu, ya kawar da kai gefe, jikinsa duka ya bi kan, ya ce bismilla.

Daram!

Tsohuwa ta yi masa harbin jaki. Ya yi baya taga-taga, ya zauna daɓas a cikin farantin tumatir da aka yanka. Tsuntsaye suka tashi. Ragon ya tsinke igiya ya yanki daji.

Gwangwani na nan a kan dutse, ko gezau.

Sai aka ji wani sauti daga gefe, tsiiiii. Kowa ya waiga. Jams ce. Rami ya bayyana a tsakiyar fuskarta, ruwan lagireto yana tsiyaya, kore shar, yana shiga rairayi.

Rabo ya buɗe ido. "Ya faɗi?"

"Ta faɗi," in ji mai shayi daga ƙarƙashin tukunya. "Jama'a, a kawo wuƙa a yanka ta kafin ta cika, kada ta zama mushe!"

Sa'id ya ruga ya durƙusa gaban motarsa yana tare ruwan da tafin hannu, yana zuba Larabcin da ba a fassarawa. Mutanen benci suna birgima a ƙasa.

"Iska ce," in ji Rabo, tumatir na ɗiga daga wandonsa. "Kuma bindigar ba ta saba da ni ba. Da ta mahaifina ce, wadda ya kashe..."

"Wane mahaifin?" Inna Azumi ta iso da ludayi a hannu. "Ɗan Dogo? Allah ya jiƙan Ɗan Dogo, wanzami ne, ni shaida ce, shi ya yi wa 'ya'yana shida askin suna. Abin da ya taɓa kashewa a duniya ƙwarƙwata ce, ita ma da farce. Kai kuwa ba kai ne zakaran gidanmu ya kora har cikin rumbu ba, da gemunka?"

"Inna, zakaran nan ba na lafiya ba ne."

"Shi ne na sha biyar ɗin ke nan," in ji wani.

Abu Saif bai yi dariya ba. Ya ɗauki Tsohuwa daga ƙasa, ya kakkaɓe mata rairayi, ya ɗora ta a cinya. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro takarda a ninke. Rabo ya gane ta tun daga nesa.

"Zo ka gani, Rabo. Idonka ya fi nawa."

Rabo ya matso. Ga sa hannun Abdussamad a ƙasa, ga kwanan wata. Lahadi. Kwana ɗaya kafin ma a yi zancen gwangwani.

"Tun ran Lahadi na sa hannu. Fatna ta ce mini ta ga mutum mai riƙon sana'arsa, wanda ba ya mayar da tukunya da maiƙo. Na ce ya isa. Gwangwanin nan wasa ne, na san ko Sa'id ba zai same shi ba. Jira nake ka ce mini, Abu Saif, ban iya ba, in miƙa maka abarka mu ci rago."

Rabo ya sake duba kwanan watan, ya sauke kai. 

Dattijon ya waiga. "Fatna, takardarki ce."

Ta matso, ta karɓa, ta dubi farin katakon da ke cinyar yayanta. Idonta ya cika da ƙwalla, amma muryarta ba ta girgiza ba.

"Na gaya maka jiya ta bayan ƙofa, Rabo. Ni mai wankin tukunya na ce ina so, kuma wallahi ina son sa. Maharbin nan kuwa ban san shi ba, ba kuma zan zauna gida ɗaya da shi da zakunansa ba."

Ta juya wajen murhu, inda iska ta kashe wutar gahawa. Ta murɗe takardar, ta cusa ƙarƙashin itace, ta hura. Ta kama nan da nan.

Da la'asar aka ɗaura wa Jams igiya, a-kori-kura ta ja ta. Ragon ba a sake ganin sa ba, shinkafa aka ci gaya. Rabo aka ɗora a baya tare da tukwanen da aka ɓata. A Bi'ir Ali suka faɗa cunkoson manyan motoci, masu harami fari fat suna leƙowa ta taga, mai shayi kuwa ya miƙe tsaye yana sanar da duk mai jin Hausa cewa ga maharbin, ga kuma naman a ɗaure a baya.

Rabo bai ɗaga kai ba. Ya jawo tukunya ɗaya, ya tarar da ƙanzo a gindinta, ya sa farce ya fara kankara.

Ƙurunƙus kan Jams ɗin Sa'id.